An nemi a sa yaronmu a binciken magani: me ya kamata mu sani kafin a sa hannu?

Kawun Yaro ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar likitoci da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure a kan wata magana da ta hana mu sukuni a gida tun makon jiya. Ƙanwata tana da ɗa mai shekara tara wanda aka haifa da cutar sikila, kuma tun yana ƙarami take kai shi wani babban asibiti a nan Kano. A zuwansu na ƙarshe wata ma'aikaciya ta ja ta gefe, ta gaya mata cewa ana gudanar da bincike a kan yara masu irin lalurarsa, kuma yaron ya cika sharuɗɗan shiga. Aka ba ta takardu biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, aka ce ta je gida ta yi shawara. Mijinta direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanyar Legas, saboda haka ya ce ta kawo mini takardun in duba kafin ya dawo.

Na karanta ta Hausar har sau uku. An ce za a ba yaron magani kyauta tsawon shekara biyu, a riƙa ɗibar jininsa duk bayan wata uku, a kuma ba uwar kuɗin mota a kowane zuwa. Duk wanda ya san abin da sikila take ci a aljihun talaka ya san wannan ba ƙaramin tayi ba ne. Amma akwai layin da ya tsaya mini a rai, inda aka ce za a raba yaran gida biyu, kuma kwamfuta ce za ta zaɓi gidan da kowane yaro zai faɗa. Da na karanta wa mahaifiyarmu wannan layin, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Har kun manta da Asibitin Zana?" Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ina so in san waɗanne ƙa'idoji ne suke ɗaure masu irin wannan bincike, wane ne yake sa musu ido, kuma idan muka ce ba mu yarda ba, shin hakan zai shafi kulawar da yaron yake samu a asibitin?

Likitar Yara ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni likitar yara ce, kuma na yi shekaru ina zama a kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da nake aiki. Ba zan ce ku shiga ko kada ku shiga ba, domin hukuncin na iyayen yaron ne. Amma tambayar Hajiya mahaifiyarku tana bisa hanya, don haka daga can zan faro.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Ana tsaka da ita kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wato Asibitin Zana, aka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba su Trovan, rabin kuma aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka san yana aiki. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, waɗanda sanƙarau shi kansa yana haddasawa, abin da ya sa gardama a kan musabbabinsu ta yi tsawo. Kamfanin ya dage cewa an nemi yardar iyaye da baki ta hannun ma'aikatan jinya, kuma bai amsa laifi ba har aka sasanta. Iyayen kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu cewa sabon magani ake gwadawa, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a harabar asibitin nan likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar ma, daga baya ta bayyana cewa an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan watanta baya.

A lokacin da wannan ya faru ƙa'idojin suna nan a rubuce. Bayan yaƙin duniya na biyu an gurfanar da mutum 23, mafi yawansu likitocin Jamus, a birnin Nuremberg saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni, kuma daga hukuncin 1947 aka fitar da sharuɗɗa goma, na farkonsu shi ne cewa dole a sami yardar mutum, wadda ya bayar don kansa ba tare da tilas ko yaudara ba. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, a gyaran 1975 aka shigar da sharaɗin cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara, kuma gyara na baya-bayan nan an yi shi a 2024. A Amurka kuma, daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar ƙasar ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 600 a Tuskegee ta jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, aka bar su ba magani don a ga yadda cutar take cin jiki, har bayan da aka tabbatar penisilin yana warkar da ita. Fallasar wannan ce ta haifar da Rahoton Belmont na 1979, wanda ya tattara maganar a kan ginshiƙai uku.

Na farko shi ne mutunta ɗan Adam. A wajenku, ma'anarsa ita ce a yi wa ƙanwarka da mijinta bayani da harshen da suke ji, a ba su lokaci, su kuma san cewa suna da ikon ƙin shiga, ko su fita a tsakiya, ba tare da an rage wa yaron komai daga kulawar da ya saba samu ba. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe, kuma wajibi ne a same ta a rubuce a takardar. Idan babu ita, kada ku sa hannu. Na biyu shi ne kyautatawa da kauce wa cutarwa, wato a auna haɗari da amfani kafin a fara, a kuma dakatar da aikin da zarar an ga cutarwa ta rinjaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin hadisin "la darara wa la dirar" yana cikin Arba'una Hadisin da muka haddace a Islamiyya. Na uku shi ne adalci, wato kada a ɗora nauyin gwaji a kan talakawa alhali amfanin yana tafiya wajen masu hali.

Game da kwamfutar da ta tayar maka da hankali, ƙuri'a ce kawai. Idan aka bar likita ya zaɓa, zai iya sa yara masu ƙarfi a gida ɗaya ko da bai yi niyya ba, sakamakon ya gurɓace. Amma ƙuri'ar tana halatta ne kawai idan da gaske likitoci ba su san wanne ya fi a cikin hanyoyin biyu ba. Saboda haka ka tambaye su abin da ake ba kowane gida, musamman ko akwai gidan da za a ba ƙwayar da babu magani a cikinta, domin Sanarwar Helsinki ba ta yarda a hana majiyyaci maganin da aka tabbatar yana aiki ba idan hanawar za ta jefa shi cikin babban haɗari.

Masu sa ido a Najeriya su ne Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi, sai kwamitocin asibitoci da ke rajista da shi, sai hukumar NAFDAC da ke ba da izinin gwajin magunguna. Ka duba takardar ka ga sunan kwamitin da ya amince da binciken da lambar wayarsa, wadda ya kamata ta bambanta da ta masu binciken. Ka kira lambar da kanka kafin ku yanke shawara.

Mazaunin Fagge ya rubuta:

Likita, Allah ya saka da alheri, amma bayaninki da kansa ya ƙara mini shakka. Kin ce ƙa'idojin suna nan tun 1947, to ga shi ba su kare yaran 1996 ba. Kuma a tuna yadda maganar ta fito fili. Jaridar Washington Post ce ta tono ta a watan Disambar 2000. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya miƙa rahotonsa a 2001, rahoton ya yi shekara biyar a kulle sai a 2006 ya faɗa hannun 'yan jarida. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara goma sha biyar ke nan daga ranar da aka yi abin, kuma wasu iyayen sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ƙarshen shari'ar ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kansu ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa watan Yulin 2004, sunan Trovan yana cikin abin da mutane suke kamawa a majalisu, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran da suka shanye a wancan lokaci su ma sun biya kuɗin amanar da aka ci a 1996.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan kalmar ta "yarda". Matar da take rancen kuɗin magani duk wata, wadda ta kwana uku a ɗakin gaggawa tana neman wanda zai ba ɗanta jini, idan aka ce mata ga magani kyauta na shekara biyu har da kuɗin mota, ta ina za ta iya cewa a'a? Kuma wanda yake tambayar nan shi ne likitan da ran ɗanta yake hannunsa bayan Allah. Ni a ganina za ta sa hannu ko da ba ta fahimci layi ɗaya ba, kuma a rubuta a rahoto cewa ta yarda.

Nas Mai Ritaya ta rubuta:

Ɗana Kawun Yaro, na yi shekara talatin da biyu ina aikin jinya, kuma a shekarun ƙarshe ni ake turawa in yi wa iyaye bayanin takardar yarda. Maganar Mazaunin Fagge akwai gaskiya a cikinta, amma akwai wata matsala da take gaba da talauci, wato ta harshe.

A asibitocinmu, idan aka tura mutum ɗakin ɗibar jini cewa ake yi "je ka yi gwaji". Idan likita yana neman gano abin da ke damun majiyyaci cewa ake yi "ana bincike". To waɗannan kalmomi biyu su ne dai muke amfani da su a takardar yarda. Ka ce wa uwa "muna so mu sa ɗanki a bincike", abin da za ta ji shi ne za a ƙara duba ɗanta da kyau, sai ta yi ta godiya. Na daɗe ban gane wannan ba. Wata rana a wani asibiti da na yi aiki na karanta wa wata baiwar Allah takarda daga farko har ƙarshe, layi ya yi tsawo a waje, ina sauri, ita kuma duk abin da na faɗa sai ta ce "to, Sista". Ta dangwala yatsa a tawada ta dangwala a takarda, tana goge yatsan a gefen mayafinta sai ta tambaye ni, "Yanzu ke nan kun gano abin da ke damunsa?" Jikina ya yi sanyi. Na yaga takardar, muka sake zama, na ce mata likitoci suna da magunguna biyu ba su san wanda ya fi ba, suna so su gano ta hanyar yara da yawa, mai yiwuwa ɗanta ya amfana mai yiwuwa kuma sai yaran da za su zo bayansa. Ta yi shiru, ta ce za ta tambayi maigidanta. Ba ta dawo kan maganar ba, muka ci gaba da duba yaron kamar yadda aka saba.

Tun daga ranar na daina tambayar "kin gane?", domin kunya ba za ta bar mace ta ce wa ma'aikaciyar asibiti ba ta gane ba. Sai dai in ce, "Idan kin koma gida, me za ki gaya wa maigida an ce?" Daga amsarta nake sanin inda aka kwana. Ka yi wa ƙanwarka irin wannan tambayar. Ka kuma lura kada shawarar ta zama ta maza kawai. Daidai ne a ji ta bakin uba da kawu da kaka, haka rayuwarmu take, amma ita ce za ta riƙa ɗaukar yaron zuwa asibiti tsawon shekara biyu, kuma ana buƙatar yardarta ita kanta. Yaron ma, mai shekara tara yana da wayon da za a yi masa bayani daidai hankalinsa. Ƙa'ida ta ce a nemi amincewar yaro idan ya kai ya fahimta, kuma idan ya ƙi a mutunta ƙin nasa.

Ga wanda ba ya karatun boko kuma, sai an sami shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya zauna a wurin. Na sha ganin dattawan da aka rubuta cewa ba su iya karatu ba alhali suna karanta ajami tiryan-tiryan, kuma da an rubuta musu takardar da ajami da sun tafi da ita gida sun karanta da kansu.

Likitar Yara ta sake rubutawa:

Malam Mazaunin Fagge, ban musa maka ba. Abin da ka bayyana muna muhawara a kansa a kwamiti kusan kowane zama. Shi ya sa ake taƙaita kuɗin da ake ba mahalarta ga abin da suka kashe na mota da lokacin da suka ɓata, kuma shi ya sa Sanarwar Helsinki ta ce idan majiyyaci yana ƙarƙashin kulawar likitan da ke binciken, wani daban ne ya kamata ya nemi yardarsa. Wannan yana rage matsin, amma ba ya kawar da shi muddin magani yana fin ƙarfin aljihun mutane.

Sai dai ina roƙon a dubi ɗaya gefen adalcin. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila. Idan ba a yi bincike a kan yaranmu ba, za mu ci gaba da ba su magani bisa awon da aka gwada a kan yaran da ba sa fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin abinci irin namu. Sanƙarau ɗin nan da ya kawo Trovan, rigakafin MenAfriVac ne ya karya lagon nau'insa da ya fi kisa a yankinmu. An gwada shi a ƙasashe irin su Mali da Gambiya da Senegal bisa amincewar kwamitocin ɗa'a, aka fara yin sa ga jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Iyayen da suka yarda aka gwada shi a kan 'ya'yansu sun yi wa yaran Kano da Maraɗi hidimar da ba su sani ba.

Malam Kawun Yaro, akwai tambayoyi biyu da ban ambata ba, kuma a ganina sun fi sauran nauyi a wajenku. Idan maganin ya yi wa yaron illa, wa zai ɗauki nauyin jinyarsa da diyya? Kuma idan shekara biyun ta cika, aka ga maganin ya karɓe shi, wa zai ci gaba da ba shi? Tun gyaran 2000 Sanarwar Helsinki take magana a kan haƙƙin mahalarta bayan an gama bincike, kuma a nan ne na fi ganin ana yin sakaci. Ku nemi amsar a rubuce.

Kawun Yaro ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Likita da Hajiya Nas da ɗan'uwa Mazaunin Fagge. Na yi wa ƙanwata tambayar da Hajiya Nas ta koya mini, sai ga shi ita ma ta ɗauka cewa an zaɓi yaron ne saboda jikinsa ya fi na sauran tsanani. Muka zauna da ita da mahaifiyarmu bayan sallar isha'i na sake yin bayani, mijinta yana saurare ta waya.

Ranar Alhamis na raka ta asibitin. Na kira lambar kwamitin da ke jikin takardar tun kafin mu tafi, aka ɗauka, aka tabbatar mini da cewa sun san da binciken. Likitan da ke jagorantar aikin ya ba mu kusan minti arba'in. Ya ce duk gidajen biyu magani ɗaya ake ba su, wanda aka riga aka sani, bambancin yana ga yawan awon da ake sha ne, kuma akwai wasu masana na daban da ke duba sakamakon lokaci-lokaci, waɗanda suke da ikon tsayar da aikin. Ya nuna mana sakin layin da ya yi maganar jinya kyauta idan an sami illa. A kan abin da zai faru bayan shekara biyu kuwa, ya ce suna tattaunawa da masu ɗaukar nauyin binciken, sai na roƙe shi ya ba mu matsayarsu a rubuce, ya kuma amsa.

Yaron da aka tambaye shi, abin da ya so ya sani shi ne ko allurar ɗibar jinin ta fi wadda aka saba yi masa girma. Aka ɗauko aka nuna masa, ya ce zai iya. Ba mu sa hannu ba tukuna. Mahaifinsa zai dawo ranar Lahadi, an kuma ba mu ranar Talata mu koma mu karɓi takardar, kuma Hajiyarmu ta ce da ita za a je.